Astarakan: Zangon Wani Alhaji a Bakin Kogin Bolga



A kudancin ƙasar Rasha, kimanin kilomita 1,400 daga Mosko idan aka bi hanyar mota, akwai wani birni mai suna Astarakan. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin labarinsa ba. Waɗanda suka yi nisa a Faransanci kuwa sun san kalmar ne a matsayin sunan wata fatar ɗan tunkiya mai nannaɗaɗɗen gashi wadda ake ɗinka hula da ita. Ita ma fatar daga wajen Buhara fatake suke kawo ta, ta sami sunan ne kawai saboda ta wannan gari take ratsawa kafin ta isa kasuwannin Turai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu irin garin da muke magana a kai: zango ne, mahaɗar ayari, wurin da kaya da mutane suke sauka su huta kafin su ci gaba.

Allah Ya ƙaddara mini zama a wannan birni har tsawon shekara shida a cikin shekarun 1990, ina neman ilimin kiwon kifi. Abin da nake so in ba ku labarinsa shi ne abin da na fahimta game da garin bayan na zauna a cikinsa, na kuma karanta tarihinsa. An ƙone shi, an ci shi da yaƙi, an ɗauke shi daga wannan gaɓa zuwa waccan, an sauya masa sarauta da harshe, amma kullum sai ya sake tashi, domin kogin da ya haife shi yana nan. Jarrabawar da ke gabansa a yau ta bambanta da duk waɗancan, domin ruwan ne da kansa yake ja da baya.

Ƙasa da ruwa

Kogin Bolga shi ne mafi tsawo a nahiyar Turai. Yana tasowa daga tuddan Baldai, arewa maso yamma da Mosko, ya yi tafiyar kilomita wajen 3,530, sa'an nan ya zube a tekun Kasfiyan. Wannan teku ba shi da mafita zuwa babban teku, rufaffe ne ta kowace fuska, kuma fuskar ruwansa tana ƙasa da ta sauran tekunan duniya. Saboda haka shi kansa birnin Astarakan yana zaune ne fiye da mita 20 ƙasa da fuskar teku, a kan tsibirai 11, kimanin kilomita 100 kafin a kai ga buɗaɗɗen ruwan Kasfiyan.

Kafin kogin ya iso birnin sai ya fara rarrabuwa kamar yatsun hannu, reshe ya haifi reshe, har rassan su haura 500 a lokacin da suke shiga teku. Tsakanin rassan nan akwai fadamu, da dazuzzukan kara masu tsawon da ya fi mutum a kan doki, da tsuntsayen ruwa iri-iri. A watannin Yuli da Agusta wata fure mai dangantaka da bado takan rufe fuskar ruwa da launin ja-ja, har mutane su riƙa zuwa daga nesa don kallo. Tun a shekarar 1919 aka keɓe wani yanki na wannan wuri aka hana farauta da su a cikinsa.

Amma da zarar mutum ya juya wa kogin baya ya yi tafiyar ƴan kilomita kaɗan, sai ya ga kansa a busasshiyar ƙasa mai yashi da gajerun ciyayi, inda ake kiwon tumaki da dawaki da raƙuma masu tozo biyu. Ruwan saman da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 250 ba, wato kusan rabin abin da Maraɗi take samu. Da bazara zafi yakan kai maki 40, da hunturu kuwa sanyi yakan sauka zuwa maki 20 ƙasa da sifiri har kogin ya daskare. Duk wani kore da ido zai gani a jihar, daga kankanar da ta yi suna a faɗin Rasha zuwa tumatir da shinkafa, ruwan Bolga ne ya shayar da shi, ruwan da ya sauka a matsayin dusar ƙanƙara a wasu ƙasashe masu nisa can arewa.

Jihar Astarakan, wadda aka kafa a tsarinta na yanzu a 1943, tana da faɗin murabba'in kilomita wajen 49,000 da mutane kusan miliyan ɗaya, rabinsu a cikin birnin suke zaune. Ta yi iyaka da ƙasar Kazakistan ta gabas, da yankin Kalmikiya ta yamma, da jihar Bolgogarad ta arewa. A arewacinta akwai tafkin gishiri na Baskuncak, wanda ƙarni da ƙarni ake haƙar gishirinsa ana kai wa garuruwan Rasha, kamar yadda ayarin Bilma yake wadata ƙasashenmu. Gishirin nan da kifin kogi su ne suka zama tagwayen arzikin garin, domin in ba gishiri, kifi ba ya tafiya mai nisa.

Waɗanda suka riga zama

Wuri irin wannan, inda hanyar ruwa daga arewa ta haɗu da hanyar ayari daga gabas, ba ya rasa mai so. Daga ƙarni na 8 zuwa na 10 wata al'umma mai suna Hazarawa ta kafa babban birninta, Itil, a wannan yanki. Sarakunansu sun karɓi addinin Yahudanci, amma talakawansu sun haɗa Musulmi da Kirista da masu bautar gargajiya. Malamin tarihi Al-Mas'udi ya ba da labarin cewa birnin yana da alƙalai bakwai: biyu na Musulmi, biyu masu hukunci da Attaura, biyu na Kirista, ɗaya kuma na sauran jama'a. Wajen shekarar 965 sarkin Kiyef mai suna Sibiyatosilaf ya rushe daular, amma sunanta bai ɓace ba, domin har yau Turkawa da Farisawa tekun Hazar suke kiran Kasfiyan.

Bayan su sai Mongolawa, jikokin Jangis Han. Batu Han ya gina birninsa Sarai a tsakiyar ƙarni na 13, a bakin wani reshen kogin mai suna Ahtuba, kusa da inda ƙauyen Selitirennoye yake a yau, cikin wannan jiha. Ƙanensa Barka Han ya musulunta, sa'an nan a zamanin Uzbak Han, wanda ya yi mulki daga 1313 zuwa 1341, Musulunci ya zama addinin daular baki ɗaya. A zamanin wannan sarki ne sunan garinmu ya fara bayyana a rubuce.

Wanda ya kawo labarin kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Ibn Batuta ne, matafiyin nan ɗan Tanja, wanda ya iso nan wajen shekarar 1333 tare da rundunar Uzbak Han. Ya ce sunan garin Hajji Tarkan, ya kuma bayyana dalili. Wani Baturke salihi ne da ya yi aikin Hajji ya zo ya zauna a wurin, sai sarki ya yafe wa wurin haraji don girmama shi, kalmar tarkan kuwa a harshensu tana nufin wanda aka ɗauke wa haraji. Mutane suka yi ta taruwa a gefensa, wurin ya zama ƙauye, ƙauye ya zama birni mai manyan kasuwanni. Da tafiya ta yi tafiya, a bakin Rashawa, Hajji Tarkan ya koma Astarakan. Ashe dai birnin da a yau hasumiyoyin coci suka yi wa ado, sunan wani Alhaji yake ɗauke da shi.

Ibn Batuta ya kuma ba da labarin yadda idan kogin ya daskare ake shimfiɗa dubban dammunan busasshiyar ciyawa a kan ƙanƙarar don amalanke da dabbobi su bi ba tare da santsi ba, da yadda wasu ayarin da suka makara har ƙarshen hunturu sukan nutse. Shekara ashirin bayan haka, a 1353, wannan mutum ɗin dai ya sauka a Takedda, yamma da Agadas, ya ga yadda ake sarrafa jan ƙarfe ana kai wa Gobir da Barno. Ido ɗaya ne ya ga kasuwar Hajji Tarkan ya kuma ga ta Takedda. A duk lokacin da na tuna haka, sai in ga nisan da ke tsakaninmu da wancan wuri ya ragu.

A hunturun 1395 Taimur ya zo da rundunarsa. Marubutan tarihinsa sun ce mutanen garin sukan gina katanga da tubalin ƙanƙara ta ɓangaren kogi idan ruwa ya daskare, don kada maƙiyi ya shigo ta nan. Katangar ba ta hana komai ba, ya ƙone garin, ya ƙone Sarai. Sarai ba ta sake komawa yadda take ba, amma Hajji Tarkan ya farfaɗo, har a ƙarni na 15 ya zama babban birnin wata ƙaramar masarauta ta Tatarawa.

A hannun Rasha

Sarkin Mosko Iban na Huɗu ya ci birnin Kazan a 1552, ya kuma ci Astarakan a 1556, kogin Bolga daga tushensa har bakinsa ya koma hannun Rasha. A 1558 aka bar tsohon garin da ke gaɓar dama, aka gina sabon sansani a kan wani tudu a gaɓar hagu, ƴan kilomita ƙasa da tsohon wuri. Tsakanin 1582 da 1589 aka kewaye shi da ganuwar dutse, wadda take tsaye fara fat har yau, kuma da tubalin da aka kwaso daga kufan Sarai aka yi wani sashe na ginin. Birni ɗaya ya mutu, aka gina wani da ƙasusuwansa.

Faɗuwar garin ta taɓa Musulmi da ke nesa da shi ƙwarai. A wancan zamani gaba tsakanin sarakunan Farisa da na Asiya ta Tsakiya ta sa hanyar kudu ta yi wa mahajjatan Buhara da Hawarizim wuya, sai suka riƙa zagayowa ta Astarakan su nufi Santambul, daga nan su wuce Makka. Da wannan ƙofa ma ta shiga hannun Rasha, sai koke ya isa fadar Daular Usmaniyya ta Turkawa. A 1569, zamanin Sarki Salim na Biyu da wazirinsa Sokollu Muhammad Basha, aka tura runduna da maƙera da masu haƙa don su haɗa kogin Don da na Bolga da mashigin ruwa, jirage su wuce su ƙwato garin. Aikin ya gagara, rundunar ta iso bakin ganuwa ta koma ba nasara, kuma da yawa daga cikinta ƙishirwa da yunwa suka kashe su a busasshiyar ƙasa a hanyar komawa. Mashigin da suka yi mafarki sai a 1952 aka kammala shi, tsawonsa kilomita 101. Mu da kakanninmu suka yi shekaru a hanyar Makka ta Cadi da Sudan, mun san abin da rufe hanya ɗaya yake nufi ga mai niyya.

Duk da sauyin mai mulki, garin bai daina zama zango ba. A ƙarni na 17 fataken Indiya da na Farisa da Armeniyawa kowa yana da masauƙinsa da rumbunansa a cikin birni. A 1670 ɗan tawaye Sitefan Razin ya kama garin ya kashe hakiminsa. A 1722 Sarki Bitrus Mai Girma ya zo da kansa ya haɗa jiragen yaƙinsa a nan don ya fuskanci Farisa. A 1810 Tatarawan garin suka gina Farin Masallaci da dutse, a 1860 kuma Farisawa suka gina nasu. Hukumar Tarayyar Sobiyet ta rufe Farin Masallaci a shekarun 1930 ta mai da shi wani abu dabam, ba a mayar wa masu shi ba sai bayan rushewarta. A Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, a 1942, lokacin da Jamusawa suka datse hanyoyin yamma, an shimfiɗa layin dogo cikin gaggawa tsakanin Astarakan da Kizilyar, man Baku ya riƙa bi ta nan yana isa fagen daga.

Zaman da na yi

Gani ya kori ji. Abin da ya fara ba ni mamaki a garin shi ne yadda kowane wata yake da alamarsa daga kogi. A watan Afrilu wani ɗan kifi mai suna bobla yakan hauro daga teku, sai ka ga gari duka ya koma bakin ruwa da ƙugiya, malami da ɗalibi, tsoho da jika, bayan kwana kaɗan kuma kowace baranda ta cika da kifi mai gishiri an rataye yana shan iska. A ƙarshen Mayu, bayan ambaliya ta fara janyewa, wasu ƙananan ƙudaje masu cizo sukan taso kamar hayaƙi, mutane su riƙa shafa garin banila a fuska don su kore su. Da kaka sai kankana ta cika kasuwa, da hunturu kuma masunta su huda ƙanƙara su zauna a kanta tun asuba.

A shekarun da na yi, watan Ramadan cikin hunturu yake faɗowa, azumin ba shi da tsawo sosai, sai dai sanyin asuba ya fi yunwa wahala. A unguwar Tatarawa na san wani dattijo wanda kowa yake kira babai, wato kaka. Ranar da ya fara ganina a sahu bai tambaye ni komai ba, bayan sallama ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, baƙo ba ya buɗa baki shi kaɗai a garin nan." A gidansa na fara shan shayin makiyayan yankin, mai madara da gishiri da man shanu. Daga bakinsa kuma na fara jin tsohon sunan garin, tun kafin in gan shi a littafi. A kasuwa ɗaya za ka ji Rashanci da Tataranci da Kazakanci, domin bayan Rashawa, Kazakawa ne suka fi yawa a jihar, sai Tatarawa, ga Nogayawa, ga kuma Kalmikawa mabiya Budda. Ban ce ba a samun saɓani ba, ɗan Adam ne. Amma mutanen da suka gaji zango sun san cewa baƙon yau shi ne maƙwabcin gobe.

Ruwa yana ja da baya

Akwai wani dangin kifi da ya sa sunan Astarakan ya kai teburin sarakunan duniya, saboda baƙin ƙwansa mai tsada da ake kira kabiya. Babbansu shi ne beluga, wanda giwan ruwanmu ɗan yaro ne a gabansa. A 1827 an kama wata a bakin Bolga mai nauyin kilo 1,571. Wannan kifi yakan rayu har shekara 100, amma ba ya fara haihuwa sai ya haura shekara 15, kuma dole ne ya baro teku ya hau kogi mai nisa ya nemi tsakuwa ya zuba ƙwai. Da aka kammala babbar madatsar lantarki ta Bolgogarad a 1961, fiye da kilomita 400 sama da Astarakan, sai aka rufe masa hanyar mafi yawan wuraren haihuwarsa. Hukuma ta gina gidajen ƙyanƙyasa tana sakin miliyoyin ƴaƴan kifi a kogi, kuma wannan aiki shi ne abin da aka koya mana.

Sai dai na zo garin a lokacin da Tarayyar Sobiyet ta rushe, albashi ya tsaya, masana'antu suka rufe. Da idona na ga ana sayar da ƙwan kifin nan a ɓoye cikin kwalabe, na kuma ga gawar uwar kifi an farke cikinta an yar da sauran a cikin kara. Masu yin haka ba dukansu ne miyagu ba, wasu iyaye ne da ba su da abin sa wa yara a baki. Amma kifin da ya yi shekara 20 kafin ya haihu ba a mayar da shi a damina ɗaya. A farkon shekarun 2000 Rasha ta hana kamun wannan dangi don kasuwanci, daga baya ƙasashe biyar na bakin tekun, wato Rasha da Kazakistan da Turkumanistan da Iran da Azarbaijan, suka amince da hanin tare. A yau beluga tana cikin halittun da ke dab da ƙarewa, kabiyar da ake sayarwa bisa doka kuwa daga gidajen kiwo take fitowa.

Bayan kifi sai teku. Kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba wa Kasfiyan daga Bolga yake. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 fuskar tekun ta sauka da fiye da mita 2, saboda ƙarin zafi da ke shanye ruwa, da raguwar abin da kogin ke kawowa, da ɗiban da birane da gonaki suke yi a hanya. Mita 2 ƙaramin abu ne a kunne, amma arewacin tekun, inda Bolga ke zuba, zurfinsa wajen mita 5 ne kawai. Saboda haka gaɓa tana gudu, fadamun da kifi ke haihuwa suna bushewa, kuma sai an yi ta yashe mashigin jirage kafin manyan jirage su iya fita da cikakken kaya. Gaskiya ne jihar ta sami wani arziki tun da aka gano iskar gas mai yawan farar wuta a arewacin birnin a 1976, amma gas ba ya shayar da gona, ba ya raya kifi.

Wannan labari ba sabo ba ne a kunnen wanda ya san tafkin Cadi. Shi ma rufaffe ne, shi ma kogi ɗaya ne, Shari, yake kawo mafi yawan ruwansa daga ƙasashe masu nisa. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000, bayan farin shekarun 1970 da 1980 kuwa mutanen Gigimi suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa. Ko da yake wani sashe na ruwan ya dawo daga baya, masunta da makiyaya da manoma sun ɗanɗana abin da ke biyo bayan janyewar ruwa: ƙaura, da rigima a kan ɗan abin da ya rage. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu da mutanen Astarakan kowa yana iya kallon gemun ɗan'uwansa.

Hazarawa sun wuce, Sarai ta zama kufai, Taimur da Iban da Bitrus duk ƙasa ta rufe su, ita ma Tarayyar Sobiyet ta bi sahu. Kowannensu ya tarar da kogin cike, ya bar shi cike, shi ya sa na baya ya sami abin ginawa a kai. Mutanen zamaninmu ne na farko da suka sami ikon datse kogi irin wannan da kwashe kifinsa cikin shekaru kaɗan, don haka su ne na farko da za a tambaya abin da suka bari. Ya kamata iyaye su riƙa gaya wa yara daga ina ruwan randarsu yake fitowa, da wa suke raba shi, da wa zai sha bayansu. Alhajin nan da ya sauka a bakin Bolga bai bar fada ba, bai bar runduna ba, wurin zama kawai ya bari kusa da ruwa mai kyau, ga shi kusan shekara 700 ana kiran sunansa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da Ya ba mu, Ya shayar da ƙasashenmu da nasu ruwa mai albarka.